Shekarun da Muka Yi Muna Maniyyata

A ƙarshen shekarar 2019 ne na je ofishin jami'in alhazai na ƙaramar hukumarmu na miƙa takardun banki na kujeru biyu, tawa da ta mahaifiyata, wadda duk gidanmu muke kira Inna. A Hajjin da aka kammala a shekarar, kujera ta kama kimanin naira miliyan ɗaya da rabi, kuma abin da kowannenmu ya ajiye ya kai haka, saboda haka a lissafina babu abin da ya rage mana sai ɗan ciko idan an sanar da sabon farashi. Kuɗin Inna sun fito ne daga kasonta na gonar da mahaifinmu ya bari da kuma tumakin da ta daɗe tana kiwo a bayan ɗaki, nawa kuwa na haɗa su daga albashin koyarwa da adashi da bijiman da nake turkewa kowace shekara. Babu wanda ya ba mu kujera kyauta, ba mu kuma ci bashin kowa ba, wannan ne abin da Inna ta fi jin daɗinsa a cikin lamarin gaba ɗaya.

Mun gama duk abin da ake buƙata da wuri. Aka yi mana fasfo, aka duba lafiyarmu, aka yi mana allurar sanƙarau da ta shawara, aka ba mu katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, sannan muka fara zuwa bita duk ƙarshen mako a wata makarantar firamare. Malamin bita yakan ajiye tebur a tsakiyar fili ya lulluɓe shi da baƙin yadi, ya sa alama a kusurwa ɗaya ya ce nan ne Hajarul Aswad, mu kuma mu riƙa zagayawa teburin yana hagunmu, tsofaffi da matasa, yaran unguwa suna leƙe ta kan katanga suna dariya. Inna ba ta taɓa ɗaukar wannan zagayen da wasa ba, tana ƙirga bakwai ɗinta da yatsu, idan ta yi shakka ta sake daga farko. Tun a lokacin maƙwabta suka fara zolayarta da Hajiya, ita kuwa takan ce su bari sai an je an dawo.

A ƙarshen watan Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umra daga ƙasashen waje saboda cutar korona, ba a daɗe ba kuma dokar kulle ta iso mana, aka rufe makarantu, bita ta tsaya, muka yi azumin shekarar muna sauraron rediyo da fatan abin zai lafa kafin watan Zulhajji. Ranar 22 ga watan Yuni aka sanar cewa za a yi Hajji, amma mazauna ƙasar kaɗai za su yi, su ma 'yan kaɗan. Ni na shiga na gaya wa Inna, ashe ta riga ni ji. Kasancewata ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai ɗan nan, Ubangijin Ɗakin bai kira mu bana ba, sai mu jira." Daga nan ta tambaye ni ko an ba tumaki dusa. A ranakun Hajjin muka kalli mutanen da aka zaɓa a talabijin, kowa da takunkumi a fuska, suna ɗawafi a kan layukan da aka zana musu, da tazara tsakanin mutum da mutum, filin da muka saba gani cike maƙil ya zama fayau.

Bayan Sallah aka ba maniyyata zaɓi biyu, ko mutum ya karɓi kuɗinsa ko ya bar su zuwa baɗi. Wani abokina da muka saba a wurin bita, tela ne, ya karɓi nasa, domin watannin kulle sun cinye masa jari, babu ɗinkin biki babu na suna, ga iyali a gabansa. Wasu sun yi ta yi masa kallon wanda ya karya niyya, abin da ban yarda da shi ba ko a lokacin, domin ayar da ta wajabta Hajji a cikin Suratu Ali Imrana ta ɗora shi ne a kan wanda ya sami ikon zuwa, kuma ciyar da iyali wajibi ne da ba ya jiran baɗi. Mu mun bar namu ne saboda albashina bai tsaya ba, kuma Inna ta ce kuɗin da suka riga suka fita da sunan Allah ba ta son ta sake ganinsu a ɗakinta, don ta san halin gida, buƙata ɗaya za ta taso ta kama wata har su ƙare.

Shekarar farko ba ta yi mini wuya sosai ba, domin duniya ce gaba ɗaya ta tsaya, kowa da abin da ya rasa. Ta biyu ce ta gwada ni. A watan Maris na 2021 allurar korona ta iso Najeriya, gari ya cika da jita-jita a kanta, amma da aka ce babu mai shiga Saudiyya sai da ita, Inna ta ce idan allura ce tsakaninta da Ɗakin Allah a yi mata goma. Muka yi, bita ta dawo, malam ya sake fito da teburinsa da baƙin yadinsa, har na fara neman wanda zai kula mini da gona a lokacin shuka. A cikin watan Yuni kuma aka sake sanarwa cewa mutum 60,000 ne za su yi Hajji, dukansu daga cikin ƙasar. A wannan karon zuciyata ta yi ƙunci na gaske, domin ina kallon abubuwa biyu suna tafiya ba tare da ina da yadda zan yi ba: darajar naira tana raguwa, kuɗinmu suna kwance ba sa haihuwa, ƙarfin Inna kuma yana raguwa, gwiwarta ta fara hana ta doguwar tsayuwa a sallah.

Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan Magariba na ce, "Allah ya gafarta malam, mutum ya yi niyya, ya biya, ya yi duk abin da aka ce, sau biyu ana mayar da shi daga bakin ƙofa, yaya zai yi da zuciyarsa?" Bai ce mini in yi haƙuri ba, wataƙila don ya san na ji kalmar har ta daina shiga kunnena. Sai ya ɗauko mini labarin Hudaibiyya. A shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya fita da sahabbai kimanin 1,400 da niyyar Umra, sun ɗaura harami, sun koro dabbobin hadaya, har suka iso dab da Makka, Ƙuraishawa suka tare hanya, aka ƙulla sulhu a kan su koma a shekarar, su dawo baɗi. Abin ya yi wa sahabbai nauyi har Sayyidina Umar ya tambaya ko ba a gaya musu za su je Ɗakin su yi ɗawafi ba. Annabi ya amsa cewa an gaya musu, amma shin ya ce masa a bana ne? Umar ya ce a'a, sai ya ce masa to lallai zai je kuma zai yi ɗawafi. A kan hanyar komawa ne Suratul Fathi ta sauka tana kiran abin da ya faru buɗi bayyananne, shekara mai zuwa kuma suka shiga Makka suka yi Umrarsu. Malam ya ce in lura da kyau, su an yi musu alkawarin zuwa aka ɓoye musu lokaci, ni kuwa ko alkawarin zuwan ba a yi mini ba, abin da aka yi mini alkawari shi ne ladan niyya idan ta tabbata. Ya kawo hadisin yaƙin Tabuka, inda Annabi ya ce akwai mutane a Madina da ba a keta wani kwari ba face suna tare da rundunar, uzuri ne ya tsare su.

Maganar ba ta sa na ji daɗi nan take ba, amma ta sauya mini tambayar da nake yi wa kaina. A da kullum ina lissafin yaushe za a buɗe hanya, abin da ko sarkin Saudiyya bai sani ba a lokacin. Daga ranar na koma duba abin da yake hannuna. Muka fara fita da Inna bayan sallar Asuba muna taka ƙasa zuwa bakin gonaki mu dawo, a hankali muna ƙara nisa, domin Safa da Marwa da hanyar jifa ba sa sanin tsufa. Ta shiga Islamiyyar matan aure ta gyara Fatiharta da tahiyarta a gaban malamar da ta yi jika da ita, ba ta ji kunya ba. Akwai kuma wata tsohuwar tsama tsakaninta da wata 'yar'uwarta a kan iyakar gona, wadda da a 2020 muka tafi, da sallama ta baki kawai za a yi a rabu, amma da lokaci ya yi tsawo sai ta aika aka kira dattawa, aka je gonar aka kafa duwatsu a inda kowa ya yarda, suka ci abinci a kwano ɗaya.

A irin wannan tafiya ta asuba ne ta ba ni labarin kakanta na wajen uwa, wanda ya tafi Makka a ƙafa. Ta ce ya bar mahaifiyarta tana yarinya, bai dawo ba sai da ta yi aure ta haihu. Hanyar da mutanenmu suke bi ke nan a wancan zamanin, ta Borno su shiga Chadi, su ratsa Darfur da Kordofan, su tsaya su yi aikin gona ko ƙwadago a Sudan har su tara guzuri, sannan su ƙetare Bahar Maliya ta Sawakin zuwa Jidda. Da yawa ba su kai ba, da yawa sun kai amma ba su dawo ba, jikokinsu suna can har yau a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ta ce mutumin da ya fito daga irin wannan zuriya bai kamata ya yi ƙorafi don ya yi jira a kan katifarsa ba.

A watan Afrilun 2022 labari mai daɗi ya zo da ƙaya a cikinsa. Saudiyya ta ce za ta karɓi mahajjata miliyan ɗaya, Najeriya ta sami kujeru 43,008, ƙasa da rabin abin da ta saba samu, kuma an gindaya sharaɗin cewa wanda ya haura shekara 65 ba zai je ba. Kujera ta koma kimanin naira miliyan biyu da rabi. Sunana ya fito saboda muna cikin waɗanda suka daɗe da ajiya, amma shekarun Inna da suke cikin fasfo sun wuce iyakar da aka sa. Wani ya same ni a keɓe ya ce akwai yadda ake yi a sake takardu a rage mata shekaru, in dai zan ba da na goro. Da na gaya mata, sai ta ce ba za ta ɗaura harami a kan ƙarya ba, kuma Wanda za ta je wurinsa ya san ranar da aka haife ta. Sannan ta kawo tata shawarar, wadda ta fi waccan wuyar ƙi: "Ka haɗa nawa da naka ka tafi, ka yi mini addu'a a can. Ni na ga jiya na ga yau."

Kuɗin biyu idan aka haɗa sun isa kujera ɗaya har da saura. Na sake komawa wurin malam, ya ce malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi saɓani a kan ko Hajji yana wajaba ne nan take da zarar an sami iko, ko kuwa ya halatta a jinkirta muddin ba a jin tsoron ya kuɓuce, saboda haka duk wanda na ɗauka ina da madogara, amma in yi istihara. Na yi, ban ga wani mafarki ba, abin da na samu shi ne duk lokacin da na ƙaddara kaina a cikin jirgi da kuɗin tumakinta sai in ji ba zan iya ba. Na koma ofis na ce a ba wani kujerata a bar mana ajiyarmu. Babu wanda ya ba ni tabbacin za a ɗage sharaɗin shekaru, kuma babu tabbacin Inna za ta kai wata shekarar, ko ni kaina. Ina ganin a nan ne na fara sanin ɗanɗanon tawakkali, domin a shekaru biyun farko an tsare ni ne ba da zaɓina ba, a wannan karon kuwa ƙofa a buɗe take na juya da ƙafata, ba tare da na san abin da yake gaba ba. Ranar Arfa ta shekarar ta faɗo a Juma'a, 8 ga watan Yuli, abin da mutanenmu suke girmamawa ƙwarai, na yi azumina a gida ina amsa gaisuwar masu cewa ashe ban tafi ba.

A cikin waɗanda suka sami kujera a shekarar ma akwai ɗaruruwa a wasu jihohi da suka kwana a sansanin alhazai da jakunkunansu har aka rufe karɓar jirage a Saudiyya, suka koma gida bayan sun yi sallama da kowa. Na ji ana ta gaya musu cewa Allah ne bai kira su ba. Maganar gaskiya ce idan ta fito daga bakin maniyyacin da yake rarrashin zuciyarsa, kamar yadda Inna ta faɗe ta a 2020, amma a ganina ba ta dace da bakin wanda aka damƙa wa amanar jirgi da biza ba, domin shi tambayarsa za a yi a kan abin da ya yi da abin da ya bari. Yarda da ƙaddara ba ta hana mutum ya nemi bayani ko ya nemi haƙƙinsa da ladabi, kuma na ga dattawan da suka haɗa biyun ba tare da ɗaya ta ɓata ɗaya ba.

Ba zan ce na gane hikimar kowane jinkiri ba. Wani dattijo da muke zagaya teburin bita tare ya rasu a cikin shekarun nan, 'ya'yansa suka je suka karɓi ajiyarsa aka sa a gado, kuma ba ni da wata hujjar cewa niyyarmu ta fi tasa ƙarfi.

A watan Janairun 2023 Saudiyya ta sanar cewa Hajji zai koma yadda yake kafin korona, babu iyakar shekaru, Najeriya kuma ta sami kujeru 95,000. Sai dai lokacin cika kuɗi ya zo daidai da canjin takardun naira, sa'ad da tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Na kai bijimaina kara na tarar da masu saye da yawa amma babu kuɗi a hannu, mai tsaba yana karya farashi yadda ya ga dama, mai turawa ta waya kuma sai ya tura ka tsaya riƙe da igiya har rana ta faɗi saƙon banki bai shigo ba. Haka na sayar, na haɗa da wani fili da nake ajiye da shi, domin kujera ta kai kusan naira miliyan uku, wato ninkin abin da muka ajiye tun farko. Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma bin doguwar hanya, kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. Da na kawo wa Inna wannan labarin, abin da ta fara yi shi ne addu'a ga mutanen Sudan, ta ce akwai jininmu a can.

Ko a sansanin alhazai sai da muka yi jira, a kira sahunmu a ce jirgi ya kusa, sannan a ce sai gobe. Matasa suna ta kai-kawo suna buga waya, Inna kuwa ta shimfiɗa tabarmarta a inuwa ta ɗauko carbi, har mata suka riƙa taruwa wurinta. Muka sauka Madina muka yi ziyara, muka ɗaura harami a Zul Hulaifa, muka shiga Makka da dare. Da ta ga Ka'aba ta daɗe a tsaye tana hawaye ba ta ce komai ba, sai bayan mun gama ɗawafi ta ce mini malamin bita ya yi ƙoƙari, amma teburinsa bai kama ƙafar wannan ba. Mun yi tsayuwar Arfa ranar Talata 27 ga watan Yuni tare da mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, cikin zafin da ya haura digiri 40. Tafiyar asubar nan ta yi mata rana, domin ta yi sa'ayi da ƙafarta, sai a ɗawafin ifada ne na tura ta a keke, jifa kuma na yi mata saboda cunkoso.

Bayan mun dawo na kai wa abokina tela dabino da Zamzam, na same shi ya farfaɗo da shagonsa har ya fara sabuwar ajiya. Amma a 2024 kujera ta fara da sama da naira miliyan huɗu da rabi, aka zo aka nemi ƙarin kusan miliyan biyu, waɗanda suka yi rajista daga baya kuwa sai da suka biya fiye da miliyan takwas, abin da yake tarawa ya zama ba ya ko kusantar farashin. Ya gaya mini cewa wasu suna ce masa da ya bar kuɗinsa a 2020 da yanzu shi Alhaji ne, na ce masa da ya bar su da 'ya'yansa sun kwana da yunwa, kuma a kan wannan ne za a fara tambayarsa. Yanzu mun kafa adashi mu 'yan tsohuwar bita, mun yarda shi zai fara kwasa, Inna kuma ta ba shi tunkiya ɗaya ya riƙa kiwo, duk abin da ta haifa ya zuba a asusun Hajjinsa.